Tsakanin Zamna da Zauna

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Katsina ya sami baki. Wanda bai tsaya takara ba, to yana rubuta takardar ƙorafi a kan wanda ya tsaya. Ni dai kallo nake yi daga nesa. Ina koyar da Hausa a wata sakandare kusa da Ƙofar Kaura, Asabar da Lahadi kuma ina karatun digiri na biyu, wanda malaman wata jami'a suke zuwa su ba mu a wata kwaleji cikin gari. Ban taɓa zaton na kai matsayin da za a rubuta ƙorafi a kaina ba.

Kundin bincikena a kan sunayen shanu ne da kirarin da makiyaya suke yi musu. Wata huɗu na yi ina hawa babur zuwa rugagen bayan Batagarawa da 'yar rikodata a jaka. Yawancin abin da na samo daga bakin wani dattijo ne da kowa yake kira Baffa, mutumin da ya san kakar kowace saniya a garkensa amma sai ya yi tunani kafin ya faɗi sunan jikansa.

Mako biyu da miƙa kundin, shugaban shirin karatun ya aika a kira ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, har na fara ji a jikina cewa gaisuwar ta wuce ta lafiya. Sannan ya turo mini wata takarda da aka buga da tafireta. Babu suna a ƙasanta, sai “Mai kishin ilimi, ɗan ajinsu.”

Abin da ta ƙunsa shi ne wai ban taɓa taka Batagarawa ba. Ko dai a ɗaki na zauna na ƙirƙiri hirarrakin, ko kuma daga kundin wani Bakano na kwafo su. Hujjar mai ƙorafin ita ta tsayar da ni. Ya ce babu tsohon da aka haifa a ƙasar Katsina da zai ce “zauna” ko “sauka” ko “aure.” Tsohon nan “zamna” zai ce, da “sabka,” da “amre.” Ya jero shafukan ɗaya bayan ɗaya, har da layi.

“Malam,” in ji shugaban, “in maganar nan ta tabbata, ba digiri kaɗai za ka rasa ba. Dole mu rubuta wa ma'aikatar da ta ba ka izinin karatu. Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna. Ka zo da hujjarka.”

Na fito raina a ɓace, na hau babur ina huci. Amma kafin in kai gida wani abu dabam ya danne fushin. Wane ne wannan? A al'adar ajinmu, ana ajiye kwafin kundin kowa a ofis don 'yan aji su duba, kuma a sanina babu mai taɓa su sai ƙura. Shi kansa malamin da yake duba aikina waƙafi da aya kawai ya gyara mini. Ashe a cikin mutanen da muke raba goro da su akwai wanda ya zauna ya bi aikina layi-layi, da kunne irin wannan.

Na shiga sauraron bakin 'yan ajinmu kamar sabon ɗan sandan ciki. Na zargi wata Hajiya, shugabar makarantar firamare, don ita ce mai gyara wa malamai rubutu a allo. Na zargi wani ma'aikacin gidan rediyo, sai na tuna shi ko littafin da aka sa mu karanta ba ya buɗewa. Har abokina da nake goyowa daga Ƙofar Guga na zarga, ina tuƙi ina jin nauyinsa a bayana ina cewa a raina, ko kai ne? Da na faɗa wa uwargidana cewa ko ma wane ne, gaskiya ya iya karatu, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

“Malam, ana neman raba ka da aikinka, kai kuma kana yabon kunnen mai ƙararka?”

Ranar Asabar na shiga gaban malamai uku da kaset bakwai a leda. Na sa na farko, na danna. Sai ga kukan maraƙi, ga muryar Baffa ta cika ofis: “Zamna nan, Malam, zamna. Wagga hwarar saniya da kake gani, ranad da ɗana ya yi amre aka haihe ta.”

Shugaban ya buɗe kundin, ya bi da yatsa. Maganar dai ɗaya ce, ba ragi ba ƙari, sai dai a takarda Baffa ya koma mai karanta labarai a rediyo. Zargin ƙirƙira ya faɗi nan take. Sai dai kaset ɗin bai tsaya ba. Wata murya ta biyu ta shigo tana cewa, “To Baffa, in kun tahi mashekari kiwon shanu, ina kuke sabka?”

Ɗaya daga cikin malaman, wani dattijo mai farin gemu, ya ɗaga hannu. “Wannan na biyun wane ne?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

Ya duba shafin, inda na rubuta tambayata da “tafi” da “sauka.” Ya cire tabarau. “Wato kai ma ka gyara wa kanka baki. To, me ya sa?”

Na so in ce ƙa'idar rubutu ce, amma na san ƙarya ne, don ƙa'idar bincike cewa ta yi a rubuta magana yadda aka faɗe ta. Gaskiyar ita ce tun ina ɗalibi a Kano aka yi mini dariya a aji a kan “zamna,” na kuma kwashe shekaru ina kankare ta daga alƙalamina. Haka mahaifiyata take magana har ta rasu. Na ce musu, “Kunya na ji.” Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko kaina.

Ba su kore ni ba. Sun ce in koma in rubuta hirarrakin yadda suke a kaset, wanda ya ci mini wata uku, 'yan ajinmu suka kammala suka bar ni. Ranar da suka yi walimarsu na je, na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi musu murna, ina kallon idon kowa. Babu wanda ya sunkuyar da kai.

Har yau ban san ko wane ne ba. Na tabbata ba don Allah ya yi ba, so ya yi ya ga bayana. Amma da zai fito, ba faɗa zan yi da shi ba. Sabon kundin zan miƙa masa, in ce ya duba mini ko akwai inda na sake cin amanar Baffa.