Ranar da Mahaifiyata Ta Kira Sunana

Shekarun baya, farkon zuwana aiki Abuja, ɗaki ɗaya muka kama a Tungan Maje ni da abokina, Kirista ɗan Filato, mai gwajin jini a wani asibiti. Risho ɗaya, tukunya ɗaya, musu kuwa ba ya ƙarewa. Lokacin giyar sabon digiri na ɗibata. Kowace magana aka ɗauko sai in ce ai babu mai kyau babu marar kyau, kowa da abin da garinsu suka koya masa, kimiyyar ma mutane ne suka zauna suka yarda da ita. Shi dai sai ya yi dariya ya ce, "Oga, sauro bai san wannan turanci ba."

Sauron kuwa ya same ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni a asibitinsu, jinina ya yi ƙasa sosai.

Mahaifiyata ta zo daga gida. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa a gaban mutane. Ta zauna can bakin ƙofa, ta tambayi abokina jikin "yaron nan", ko kallona ba ta yi ba. Abin ya ɓata masa rai. Ya ce a garinsu da tuni uwa ta rungume ni tana kuka. Na ce masa al'ada ce kawai. Amma a raina na ji ciwo, har na fara tunanin ko da gaske ba ta damu da ni ba.

Aka ƙara mini jini, na warke. Sai bayan ta koma abokina ya ba ni labari, muna cikin tasi za mu Wuse. Ashe ta bi shi har ɗakin gwaji ta miƙa hannu a ɗebi nata. Ya gwada, bai dace da nawa ba. Ta roƙe shi ya sake, ya sake, bai canza ba. Ƙarshe nasa aka sa mini.

"Tana kuka fa," in ji shi. "Har ta kira sunanka."

Tun ranar na rage cika baki. Jini bai saurari roƙon kowa ba, al'ada kuma bakin mahaifiyata kawai ta rufe.

Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina kewarta, ina kewar ɗakin nan. Har yau duk ran da muka haɗu da abokina sai na sa shi ya maimaita mini yadda ta faɗe shi.