Ƙarfen Simintin Yaya Bitrus

"Zan kawar da shi, Asabe, kafin ya sake ji wa wani ciwo." Haka yayana Bitrus ya ce ranar da kafaɗata ta goce.

Tun shekarun 1980, yana aikin masaƙa a Kakuri, ya haɗa ƙarfen motsa jikin nan: siminti a gwangwani biyu, bututu a tsakiya. Gwangwani ɗaya ya fi ɗaya girma. Da likita ta ce in riƙa ɗaga ɗan nauyi saboda ƙashina, shi na ɗauka, ya rinjaye ni gefe guda.

Jiya na shiga gidanmu na Unguwar Boro, sai ga ƙarfen yana nan, ƙanwata Ladi ta sunkuya za ta ɗaga shi.

Na ce, "Ajiye! Ki fara da gorar ruwa, kina lanƙwasa gwiwa."

Yaya na kan benci. "Haba Asabe, ƙarfen da ya buɗa mini ƙirji?"

Na ce, "Ni ɗaura ɗankwali ya hana ni."

Tun jiya na kasa zaune na kasa tsaye. Mata masu karanta wannan, ku faɗa mini, na yi tsauri?

Yaya, na ba ka zuwa Asabar. In ta wuce, da guduma zan zo.