Riƙo da Saki: Ga Maƙwabciyata Saratu

Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, muna cikin azumi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Dakta Saratu Ishaku, malamar ɗaliban likitanci, bayan doguwar jinyar sankarar mama. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Saratu, katanga ce tsakanin gidajenmu a Gyadi-Gyadi, amma 'yarki Blessing ba ta taɓa sanin da ita ba. A bayana ta yi wayo, a tukunyata ta koyi tuƙa tuwo, tunda naki tuwon sai a hankali. Ni da ban haihu ba, ke kika sa aka kira ni Umma.

Ba ma shiga Adaidaita zuwa asibitin da muke aiki ki bar kunnena ya huta. Kin ce kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da 'yan ƙugiyoyi a bayanta, da su take riƙe maƙwabtanta, da su take jin labarinsu. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sun cika riƙo, sai su manne a bangon jijiya, hanya ta toshe, shi ne azabar da nake gani a ɗakin da nake aikin jinya. Ƙwayar sankara kuwa sakin 'yan'uwanta take yi, ta bi jini ta yi ƙaura. Lafiya, a wajenki, ita ce sanin lokacin riƙo da lokacin saki. Ni kuma in ce ki yi shiru direba ya ji da hanya. Yau da zan samu wannan surutun, da ban katse ki ba.

Da taki sankarar ta yi ƙaura zuwa hanta, da bakinki kika gaya mini, kamar kina bayanin ciwon wata. Sannan kika kama hannuna.

"Hafsa, in na tafi, yayana Elisha zai kai Blessing Kafanchan. Na san halinki. Kada ki toshe hanya."

Jiya suka tashi daga tashar Unguwa Uku. Na ƙanƙame Blessing har direba ya gaji da danna hon. Ta ce, "Umma, sake ni, zan zo hutu." Na sake ta, Saratu, amma ban ji lafiyar da kika faɗa ba. Ina kewarki, ina kewarta. Da aka sha ruwa, kofi biyu na zuba wa kunu.

Allah ya ji ƙanki, ya sa kin huta. Ya ba Elisha da dangi duka haƙurin wannan rashi. Blessing kuwa, Allah ya riƙa mana ita, shi da riƙonsa ba ya cutarwa.