Gangar Noma a Filin Ƙwallo

An tafi hutun rabin lokaci 'yan Shinkafi na cin mu ɗaya da nema, mu 'yan Badarawa mun yi jugum kamar zaman makoki. Sai ga Baba Ɗan'indo, tsohon da ke mana kiɗan gayya, ya kutso da gangarsa.

Na ce, "Baba, nan fa ba gona ba ce."

Ya harare ni. "Ɗana, ban san ƙwallo ba, amma na san uwayen yaran ga. Bari in tuna musu ko ɗiyan wa ne."

Ana dawowa ya shiga kaɗa taken mahaifin kowane ɗan wasa. Da ya zo kan na marigayi Mamman, ɗansa Lawali mai buga mana gaba ya waiwayo ya dafe ƙirji. Fili ya ruɗe, har masu rake sunka bar baro suna amshi!

Biyu da ɗaya anka tashi, namu biyun duka Lawali ya zura su. Munka ɗaga Baba sama, shi ko yana tambaya, "Wai mu munka ci?"

Ku fa, wa ke tada muku tsimi a garinku in wasa ya yi zafi?