Gardamar Baba da Baffa Garba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina wanke shinkafa a tsakar gidanmu da ke Gwadangaji, wani direba abokin aikin Baba ya yi sallama, ya ce a turo masa babba. Ya ce Baba ya sauke fasinja a tashar Argungu, ya yi sallar azahar, ya jingina da bango yana cewa kansa na sarawa, bai sake tashi ba. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har da Inna. Da na ji labarin ban yi kuka ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne saƙon da ya ba ni da safe, wanda har yau yana wurina.

Tun kafin a haife ni Baba yake jan mota tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Masu sauri ba sa son shiga motarsa, tsofaffi da masu goyo kuwa ita suke jira. Idan ya tarar da tsohuwa a bakin hanya da buhun albasa, da kansa yake fita ya ɗora mata. Idan fasinja ya matsa masa ya taka mota, sai ya ce, "Ni ba tsere nika yi ba, mutane nika kaiwa gida."

Duk da haka, ban san wanda ya kai shi son kallon motocin gudu a waya ba. Akwai wasu kamfanoni biyu na Turai, ɗaya mai jar mota, ɗaya mai fara, kowanne na cewa tasa ce ta fi saurin zagaye wani filin tsere. Baffa Garba, taubashin Baba mai gyaran keke napep, yana bayan jar. Duk Jumu'a bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su ɗora daga inda suka tsaya. Idon Baba ba ya ganin ƙananan lambobi, sai a kira ni in karanta musu, in koma zaure ina jinsu.

"Wa yar riƙe agogon?" in ji Baba.

"Su mana," in ji Baffa.

"To, ko ni ka ba ni agogo in riƙe da kaina, kamin ka ida alwala na iso Argungu. Taya fa? Irin wadda suka saida ma mutane ta, ko sun sake? Kuma mi yas sa hoton ya yanke daidai ga kwana?"

"Kai da kunkuru ka wuce ka bisa hanya, mi kas sani ga gudu?"

Sai su yi ta dariya har shayi ya huce. Baba bai taɓa cewa farar ta fi jar ba. Cewa yake masu farar sun nuna zagayen tun daga farko har ƙarshe, sun kuma kawo baƙo ya tsaya shaida. Yakan ce, "Lokacin da ba shi da shaida, hirar tasha ce."

Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa, muddin ana dariya. Wata Jumu'a Baba ya dawo a gajiye, mota ta ɓaci masa a hanya, ga mutane sun cika tabarma. Baffa ya fara tsokanarsa kamar kullum. Baba ya ce, "Kai ma hakanan kaka ƙara ma labarinka, shi yas sa tasu ba ta dame ka ba." Bai yi dariya ba. Baffa ya tsaya yana duban fuskarsa, yana jira. Da ya ga babu, ya sa takalmansa ya tafi.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, Baffa bai dawo ba. Baba bai daina shimfiɗa tabarmar ba, amma shi kaɗai yake zama, ya kashe muryar wayar yana kallo. Inna ta sha ce masa ya je ya ba da haƙuri, shi ne da laifi. Sai ya ce ya sani, bari dai ya huta. Hutun bai samu ba, don kullum da asuba yake fita.

Ranar da zai rasu, ya tsaya a zaure da makullin mota a hannu. Ya ce, "Hauwa'u, in za ki Islamiyya da marece, ki biya ta wurin Garba. Ki ce masu jar mota sun sake yin wani cika baki, kuma har yau ban yarda ba. Shi taho Jumu'a mu gani." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ki ce mai ina dariya nif faɗi." Kuma da gaske dariya yake yi.

Baffa Garba ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Baba. A zaman makoki kuwa can ƙarshen tabarma yake zama, ba ya cin abin da aka kai, bai kuma iya shigowa ya yi wa Inna gaisuwa ba. Yayana ya ji shi yana ce wa wani, "Da fushina yat tahi." Ni kuwa ban taɓa haɗa magana da Baffa ba bayan ina kwana. Ko lambobin nan da nake karanta musu, kaina a ƙasa nake yi. Kowa a gidan ya gaji, ni ma na gaji da riƙon maganar.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya rufa mana asiri mu da ya bari, ya sanyaya zuciyar Baffa Garba.

Gobe zan koma Islamiyya. Zan fita kafin sauran yara, in bi ta wurin gyaran keke. Zan faɗa wa Baffa saƙon yadda Baba ya faɗa, ba ragi ba ƙari. In na kasa yin dariyar, zan dai gaya masa na gan ta da idona.