Mai kitson da gashinta ya zube

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ban saka hoton kitso ko ɗaya a shafin nan ba. Masu tambaya ko na mutu, ina nan da raina, kuma yau da magana na zo.

Duk wadda ta san ni a Talata Mafara da kitso ta san ni. Da an gama yankan shinkafar rani a gonakin Bakolori aka fara bukukuwa, har daga Bakura ake kawo mini amare.

Da gajiya abin ya fara. In kama kai ɗaya, kafin in kai rabi hannuna ya mutu. In ɗauko bokiti daga rijiya, zuciyata ta yi ta bugawa. Sai kwaɗayin farar ƙasa, ina ci a ɓoye kamar ɓarauniya.

Sannan gashina ya fara bin matsefi. Kullum sai na dunƙula shi na jefa a masai don kada a gani.

Na ce wa maigidana ko jinina ne ya yi ƙasa. Mahauci ne, sai ya yi dariya. "Matar mahauci ta rasa jini? To mutanen gari fa?"

Wata dattijuwa mai ƙaho da ke zuwa unguwarmu daga Dosara ta duba idona. Ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, kun san ta. Ta ce, "Ɗiyata, mataccen jini na ya cika miki jiki. In anka fidda shi kin huta."

Duk wata sai ta kafa mini ƙaho a baya da ƙeya, ta nuna mini baƙin jini a kasko. Ni kuma ina godiya. Wata biyar ana tsotse ɗan abin da ya rage mini.

Ranar da ta ce in cire ɗankwali don ta kai ƙeyar sosai, ta ga tsakiyar kaina. Ba gashi a wurin. Na roƙe ta don Allah ta rufa mini asiri. Ta ce, "Haba, ai ni uwa ta."

Kafin sati ya zagayo, magana ta cika unguwa cewa ina da mugun ciwo, wai matsefina yana yaɗa shi. Amarya uku aka janye mini a sati ɗaya. Wata da na yi wa kitso tun tana goye ta aiko a karɓo mata tsinkenta. Kusan duk masu zuwa kitso suka koma wurin jikar dattijuwar nan, wadda ta fara kitso a lokacin.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji tsoro, don ni ma na fara yarda.

Yayata da ke aure a Garbadu ce ta zo ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka gwada ciwon da ake jifana da shi, babu. Aka auna jini, ya yi ƙasa amma ba can ba. Likitar ta ce akwai wani gwaji, feritin, mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Sai da aka tura jinin Gusau, kuɗinsa da na mota suka cinye mini akuya guda.

Da takardar ta dawo ta ce, "Rumbunki ya kusa zama fanko. Al'adarki na zuba da yawa?" Na ce e. Sai ta ga tabon ƙaho a wuyana. Ta ajiye biro. "Wa ya ce ki ƙara da wannan?"

Ta ba ni ƙwayar ƙarin jini da maganin rage zubar al'ada. Ƙwayar ba daɗi. Tashin zuciya, bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri. Sati biyu na farko da shayi da madara nake korawa, ashe suna hana ta aiki. Na koma sha da lemun zaƙi. Maigida kuma, kunya ta sa kullum sai ya ware mini hanta kafin ya sayar.

Wata na biyu ƙarfi ya fara dawowa. Gashi sai a na biyar, ƙanana a gaban goshi. Ranar na daɗe gaban madubi.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa yayata da likitar nan, da mata biyu da ba su taɓa daina kawo mini kansu ba.

'Yan'uwa mata, in gajiya ta yi yawa kuma gashi na zuba, ku je a gwada ku. Kada ku sayi ƙwaya da ka, yawanta ma illa ne. Kada ku daina sha don kun ji sauƙi, sai likita ya ce. Kada a kafa muku ƙaho ba ku san matsayin jininku ba.

Masu zuwa kitso sun fara dawowa, suna sunkuyar da kai. Ina karɓarsu, amma ba mai zama gabana sai ta karanta takardar asibitin, ko a karanta mata.

Jiya dattijuwar ta aiko maƙwabciyata da goro, wai a bar abin da ya wuce. Na mayar da goron.

Baba mai ƙaho, na san za a karanta miki wannan. Jinin da kika zubar na yafe, don rashin sani ne. Sunana kuwa da saninki kika ɓata shi, gida gida. Gida gida za ki bi ki gyara. Kin san gidajen, ba sai na rubuta miki ba. Kafin nan ban yafe ba, kuma ina faɗa a kowace salla.