Jirgin da Muka Yi wa Daɓe

Da mai gidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na fita takaba, aka kira malamin rabon gado ya zauna a zaure. Gona ta tafi ga maza. Shanun huɗa da garma suka bi gona. Mata suka sami awaki da ɗan abin da ke rumbu. Da aka zo kan tumunina, malam ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya, ya ce rabona ya faɗa kan jirgi.

Daga bayan ƙofa na ce, "Allah gafarta Malam, wane jirgin?"

Ya ce, "Na ruwa, Inna."

Ni da ko rijiya ba na leƙawa sai na dafa bakinta da hannu bibbiyu, aka wayi gari ina da jirgin ruwa.

Jirgin nan ba na katako ba ne, ba na ƙarfe ba. Masu boko suna ce masa faiba, mu muna cewa roba. Wasu ma'aikata ne suka zo da shi tun lokacin da aka tare ruwan Watari, da suka tashi suka bar shi, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗo wa mai gidana, mutumin da duk abin da jama'a suka gaji da shi shi yake saya. Amma jirgin ya yi rana. Ruwan dam ya miƙo hannu ya raba ƙauyenmu da lambuna. Wanda ya zagaya da ƙafa, kafin ya iso gida tumatirinsa ya fara hawaye a kwando. A jirgi kuwa, kafin a gama gaisuwa an tsallake. Kowane kwando aka fitar, ana ɗibar wa mai jirgi ladan fito, tumatir ko albasa ko tattasai, kuma da wannan tukunyata take tafasa.

Sai dai lokacin jinyar mai gidana an kife shi a rana an manta da shi. Da muka juya shi, sai ga tsaga tun daga hancinsa har cibiya, yatsa yana shiga ya yi juyi.

Babban ɗana yana birni yana sayar da tayoyi. Ya zo ya ga tsagar, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Inna, ki tattara ki dawo wurina. Ga ɗaki a saman bene, ga fanka."

Na san ɗakin. Na taɓa kwana a ciki da aka yi suna. Bayan gida a cikin ɗaki yake, kusa da inda mutum yake cin tuwo. Ba kaza, ba akuya, ba mai shigowa ɗibar garwashi ta tsaya ta faɗa maka wanda ya saki matarsa. Mutum yana zaune kamar kaya a kanti. Na ce ba ni zuwa, ina da ɗakina, ina da sana'a.

Ya ce, "Wace sana'a?"

Na nuna jirgi.

Ya kira ƙanen ubansa ya zama shaida. Ya ce, "Baffa, ka ji. In jirgin nan ya tsallake da kwando ya dawo kafin a gama tumatirin bana, na bar ta a ɗakinta. In ya ƙi, ta dawo birni, ba gardama." Na ce na yarda. Baffan ya ce ya shaida, yana kallona kamar mai kallon akuyar layya.

Ina da aminiya, gidansu yana bayan namu. 'Yan coci ne, matansu noma suke yi kamar maza, damtsenta kuwa kamar taɓarya. Ita ta riƙa tuƙa jirgin tun da ƙarfin mai gidana ya fara raguwa. Tun ranar rabon gado ta daina kirana da komai sai Sarkin Ruwa.

Ta ce, "Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe, yaya za a yi da gidan sarautar? Ya fashe."

Na ce, "Ke dai tsohuwar banza, ki gyara filafilinki."

Da farko dattawan bakin masallaci suka ba da shawara. Suka ce jirgi in ya tsage nutsar da shi ake yi, ya sha ruwa ya kumbura, tsaga ta haɗe. Haka suka ga masunta suna yi. Muka nutsar da shi a gefe muka danne da duwatsu. Da muka ɗago shi, bai kumbura ko da ƙwayar gero ba, sai kwaɗi da suka tare a ciki da iyalansu. Dattawan suka ce to lallai wannan jirgi ba shi da tarbiyya.

Sai na kira gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Shi ya ɗinke mini ƙwaryar fura har ta fi sabuwa. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya ce ai wannan ƙwarya ce, girma kawai ta yi. Ya ɗora basilla a wuta ya bi gefen tsagar yana hudawa, dama da hagu, ya ɗinke da igiya. Ɗinki ya yi kyau, ba na cin amanarsa. Da muka sa a ruwa, tsagar tana nan tana aikinta, ga kuma kowace huda tana tsartuwa sama kamar an taka tiyo. Aminiyata ta ce, "Da ƙofa ɗaya ruwa yake shigowa, yanzu an buɗe masa tagogi."

Na kwana biyu ina tunani. Ina zaune a ɗakina, buta ta kife, ruwa ya kwanta a ƙasa yana ƙyalli, bai nutse ba. Daɓen ɗakin nan mu muka yi shi da hannunmu, marmara da makuba, ga shi har yau ruwa ba ya ratsa shi. Na ce a raina, abin da ya hana ruwa sauka, me zai hana shi ya hana ruwa hawa?

Na aika gida-gida ana gayyar daɓe. Muka daka marmara muka tankaɗe. Muka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, har ruwan ya yi duhu kamar shayin mai gadi. Na dama fura. Mata suka zo da madaɓansu, aka shimfiɗa ƙasa a cikin jirgi, aka yayyafa makuba, aka durƙusa.

Wanda bai ji ƙarar madaɓi a cikin jirgin roba ba bai san ganga ba. Ƙauye ya ɗauka. Liman ya aiko a tambaya bikin wa ake yi ba a gaya masa ba. Mata suna duka suna waƙa, suna zagin jirgi, suna zagin gyartai, suna yi wa ɗana habaici da benensa. Muna cikin haka wani farin gashi-gashi ya riƙa tashi daga jikin jirgin yana bin hannuwa da wuya. Kafin la'asar kowa tana susa. Ƙaiƙayin gero wasa ne a kansa. Wata ta ce, "Inna, jirgin naki ƙwarƙwata gare shi?" Na ce tsufa ne, kowa ya tsufa zai yi.

Daɓe ya bushe ya yi sulɓi, har mutum ya ji sha'awar shimfiɗa tabarma. Sai dai jirgin da maza kaɗan suke ɗauka a kafaɗa, yanzu sai da aka ɗaura wa shanu suka ja shi bakin ruwa.

Ranar gwaji ɗana ya zo, Baffa ya zo, rabin gari ya zo. Aminiyata ta ɗaure zane ta shiga da kwandon tumatir ɗaya. Jirgi ya tashi a hankali kamar mai tsohon ciki. Bai yi nisa ba na ga ruwan da ke kewaye da shi ya fara ja. Ja ya yi ta faɗi. Jirgi ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, cikin natsuwa, ba gaggawa, har ya zauna a ƙasan ruwa. Allah ya sa wurin ba zurfi. Aminiyata ta miƙe tsaye, ruwa iya ƙugu, filafili a hannu, tumatir ya watsu yana yawo ko'ina.

Ta ɗaga murya ta ce, "Sarkin Ruwa! Talakawanka sun gudu!"

Ɗana bai yi dariya a gabana ba, na ba shi wannan. Bayan mota ya zagaya ya yi ta tari.

Har gobe ina nan a kan bakana, daɓen nan ba shi da laifi. Ƙasa ce, ta hango 'yar'uwarta a ƙarƙashin ruwa, ta sauka gaishe ta.

Aka jawo jirgi waje. Duka ya ƙara buɗe tsagar, yanzu hannu yana shiga. Ɗana ya dubi hannuwana da suka yi ja da susa, ya ce in zo birni a nema mini magani, in kuma fara sabawa da hawa bene, tunda tumatir saura tsinka na ƙarshe. Na ɗaure kayana. Na shiga mota.

A birni na ƙi zaman sama. Kullum da hantsi sai in sauko da tabarmata in zauna a bakin ƙofa ina kallon masu wucewa, ba wanda na sani balle in san laifinsa. Ƙaiƙayi ya warke. Rannan ina zaune, iska ta kaɗo wata farar ƙura daga tsallaken titi, inda masu gyaran jikin mota suke. Ta sauka a hannuna. Sai na fara susa. Ba kowace susa ba, ita dai, wadda na sani.

Na tsallaka titi, masu babur suna zagina ina amsawa. Na tarar da wani magidanci ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana goge fasasshen gaban mota. Kusa da shi ga wani farin abu kamar tabarmar gashi, ga gwangwani mai wari.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Wannan abin, yana kama jirgin ruwa?"

Ya ce, "In na faiba ne, ai abincinsa ke nan, Inna. Me ya same shi?"

Na ce ya tsage, mun jiƙa shi, mun ɗinke shi.

Ya sauke ƙyallen hancinsa. "Kun ɗinke shi."

"Sannan muka yi masa daɓe."

Ya nemi wuri ya zauna. Ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita. Na maimaita, ban ga abin dariya ba. Da suka share hawaye, ya nuna mini yadda ake yi. A kankare wurin da samfefa, takardar nan mai kaushi, ya bushe ƙayau. A yanka tabarmar gashin daidai rauni. A zuba gam, a ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba, a juya, a shafa, a ɗora, a sake shafawa, a sake ɗorawa. Ya ce, "Amma Inna, da an ɗiga ruwan nan ba ya jiran kowa. Ban da hira."

Na ce, "Mu ba ma hira a bakin aiki."

Na kwance bakin zanena na biya. Matar ɗana, Allah ya yi mata albarka, ita ta ɗaukar mini gwangwanin har tasha, tana cewa ita ba ta ga komai ba. A mota wari ya cika ko'ina. Wani Alhaji ya ce wa ya shigo da mushe. Na ce magani ne. Ya ce na wane ciwo? Na ce na zaman bene.

Fitar da daɓe ya fi sa shi wuya, abin da ya rage ya kama kamar dutse, kuma wannan ma shaida ce a kan ingancinsa. Muka kankare, muka shanya, muka ɗaure hannuwa da tsumma. Na haɗa gam na farko a ƙwarya, na ɗiga ruwan kwalba. Daidai nan wata ta shigo da labarin wanda aka kama yana sayar da taki gauraye da yashi. Kafin a gama tantance ko ɗan gidan wa ne, gam ya daskare, muciya ta tsaya a tsakiya ƙiƙam. Na biyu kuwa aminiyata ta tsaya a kanmu da filafili, ta ce duk wadda ta buɗe baki za ta ji a ƙeya. Ba a taɓa jin matan garinmu sun yi shiru irin na ranar ba, ko a gidan makoki. Muka bi tsagar, muka bi hudojin gyartai ɗaya bayan ɗaya.

Tumatirin da ya rage a lambu ƙanana ne masu yamutsattsar fuska, irina. Na aika wa ɗana, ya zo, Baffa ya zo. Jirgi ya fito da tabo a ciki kamar wanda aka yi wa aiki a asibiti. Aminiyata ta shiga, ta tsallake, muna hango ta ana ɗora mata kwando, ta juyo. Ban ɗauke ido ba sai da hancin jirgi ya taɓa gaɓa.

Ɗana ya tuɓe takalmi ya shiga, ya shafa ƙasan jirgin da tafin hannu, ya duba. Ya sake shafawa a wani wurin. Baffa ya ce, "Kai, a bushe yake, ko sai ka lasa?"

Ya fito yana sa takalmi, ya ce, "Inna, ɗakin fa na sa an yi masa fenti."

Na ce, "Ka zuba tayoyi."

Ya koma birni shi kaɗai. Da ya sake zuwa ya kawo wasu riguna masu kumburi, launin lemo, ya ce sharaɗinsa ɗaya, ba mai shiga jirgin nan sai da su. Na ce wannan magana ce ta hankali, na karɓa. Aminiyata tana sa tata tana tuƙi, duk rani kuma muna kife jirgi mu kankare mu liƙe inda ya buɗe baki. Tawa rigar tana rataye a ƙusa a ɗakina. Ni ba na shiga ruwa, amma in sanyi ya sauko ina sa ta in fita ba kaji dawa, kuma tana da ɗumi ƙwarai.